Shirya Kundin Bincike a Jami'a: Misali Daga Ƙasar Gaya



A kowace shekara ɗalibai kan zo mini da kan maganar da suke so su rubuta kundin digirinsu a kai. Wani zai ce, "Malam, Tarihin Gaya zan rubuta." Ni kuwa sai in tambaye shi, wace tambaya ce kundin zai amsa? Galibi a nan ne yakan yi shiru. To, wannan shirun shi ne tushen jawabina na yau, domin kundin bincike ba tarin labari ba ne, amsa ce ga tambaya guda wadda aka kafa wa hujja.

Taƙaita kan magana

Gaya tsohon gari ne, tarihinsa ya fi ƙarfin wata shida na ɗalibi. Ko a 'yan shekarun nan ma matsayinsa ya sauya sau biyu: a 2019 aka ɗaga shi ya zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 kuma aka soke wancan tsari, aka mayar da shi mai daraja ta biyu a kan Gaya da Ajingi da Albasu. Wanda ya ce zai haɗa duk wannan da zamanin da, zai taɓa komai ne bai riƙe komai ba. Gara ya ɗauki wuri guda kamar Balan, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gaya, ya tambayi abu guda. Alal misali, su wa suka fara zama a wurin, kuma daga ina suka zo? Ko kuwa, yaya karin harshen mutanen wurin ya bambanta da na birnin Kano? Irin wannan tambaya ana iya kai ƙarshenta.

Inda ake samun hujja

Hujja iri uku ce ga mai irin wannan aiki. Ta farko ita ce ta baka. Sanannen abu ne cewa ana danganta asalin maƙeran Kano, wato Abagayawa, da Gaya. Ruwaya ta ce daga can wani maƙeri ya zo gindin Dala neman tama. Irin wannan bayani a bakin dattawa yake. Ɗalibi ya fara da gaida dagaci da mai unguwa, ya bayyana abin da ya kawo shi, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya. Kada ya tsaya a gidan sarauta kawai. Ya je wurin liman da maƙera da tsofaffin mata, domin kowane gida da irin abin da ya riƙe.

Ta biyu ita ce rubutacciya. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma aka buga fassararsa ta Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci wani Sarkin Gaya mai suna Agalfati a zamanin Sarkin Kano Yakubu.

Ta uku ita ce takardun hukuma. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jami'ansu sun riƙa zagaya gundumomi suna rubuta rahotanni domin yanka haraji, suna lissafa mutane da sana'o'i da kasuwanni. Ana neman irin waɗannan a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Auna hujja

A nan ne ake bambance manazarci da mai kwafe. An saba rubuta cewa Yakubu ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Amma ɗalibi ya sani cewa littafin asali tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya ya fitar da waɗannan shekaru. Saboda haka ƙiyasi ne, kuma wajibi ne a faɗi haka a cikin kundi. Haka nan rahoton Bature ta bakin tafinta ya fito, kuma daga mutanen da suka san haraji ake shirin ɗora musu. Ba mamaki su rage wani abu. Dattijo shi ma yana iya fifita gidansu. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, kada a ɓoye ɗaya. A kawo su duka, a faɗi wadda aka rinjayar, a kuma faɗi dalili.

Rubutawa

Lokacin da nake karatu a waje, malamina ya taɓa dawo mini da babi guda cur, ya rubuta tambaya ɗaya a gefen kusan kowane shafi: wa ya faɗa maka? Tun daga ranar na koyi rubuta sunan littafi da shafi, ko sunan mai ba da bayani da wuri da ranar hira, a daidai lokacin da na samu. Wanda ya bari sai ƙarshe zai manta, mantuwar nan kuwa ita ke jefa mutum cikin satar fasaha, balle yanzu da intanet ta sauƙaƙa kwafe. A tsara babi-babi tun da wuri, a fara da babin da hujjarsa ta cika, a bar gabatarwa sai an san abin da aka gano. A kula da ƙa'idojin rubutun Hausa, musamman raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa.

Kammalawa

Ga ma'aikatan da ke wannan zaure, wannan ƙa'ida ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Rahoton da kuka rubuta yau a ofis shi ne hujjar manazarcin gobe. Ga ɗalibai kuma, in kun gama, ku kai kwafi guda garin da kuka yi aiki. Mutanen da suka ba ku tabarma da ruwan sha suna da haƙƙin su ji abin da kuka rubuta a kansu, su kuma gyara muku inda kuka kuskure.

Allah ya sa mu dace.