Gajeren Wando Mai Hana Ruwa: Abin da Mahayin Keke Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Saya

Da zarar damina ta kankama, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi sauka a ƙasar Hausa, ɗalibai da malamai masu zuwa makaranta a kan keke sukan shiga wani hali. Wanda ruwa ya tare a hanya yakan isa aji sharkaf, ya wuni cikin danshi. Wanda kuma ya naɗe jikinsa da leda, shi ma a jiƙe yake isa, sai dai shi gumi ne ya jiƙa shi. A ƙasashe masu yawan ruwan sama irin su Birtaniya, mahaya keke sukan sa wani gajeren wando mai hana ruwa shiga, wanda ke barin ƙwauri a waje don ya sha iska, kuma ƙafar wandon ba ta shiga sarƙar keke. Irinsa yakan faɗo kasuwanninmu, sabo ko na gwanjo. To, ta yaya mai ƙaramin ƙarfi zai gane wanda zai yi masa aiki, ya kuma yi ƙarko? Amsar tana farawa ne daga jikin ɗan Adam.

Ruwan waje da ruwan ciki

Idan mutum yana tuƙa keke, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai na ƙarfin da tsokokinsa ke ƙonawa yake zama motsi, sauran duk zafi yake komawa. Dole ne jiki ya fitar da wannan zafi domin ya tsaya a kusan digiri 37 na ma'aunin Salshiyas. Babbar hanyarsa ita ce gumi. Fatar mutum tana da ƙananan maɓuɓɓugan gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma mai aiki tuƙuru cikin zafi yana iya fitar da lita guda a cikin awa ɗaya. Amma fa gumi ba ya sanyaya jiki sai ya zama tururi ya tashi daga fata.

Saboda haka, tufar da ta toshe ruwan sama ta kuma toshe tururi, cutarwa take yi. Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, gogayyar sirdi ta sale ta, sannan ɗumi da danshin matsematsi su zama gida ga ƙwayoyin cuta irin masu kawo makero da ƙuraje. Barin ruwan sama ya ratsa kuma yana da nasa lahani, domin ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Mai gangarowa a kan keke cikin ruwan sanyi a Jos ko tsaunin Mambila ya san haka sarai. Wandon kirki ke nan shi ne wanda ya hana ɗigon ruwa shiga, ya bar tururi ya fita.

Daga roba zuwa yadi mai numfashi

A shekarar 1823 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Sikotilan, Charles Macintosh, ya yi rajistar fasahar manna yadi biyu da narkakkiyar roba a tsakaninsu. Ruwa bai ratsa ba, amma gumi ma bai fita. An daɗe ana fama da wannan matsala har 1969, lokacin da Robert Gore na Amurka ya gano cewa idan aka fizgi wata irin roba mai suna PTFE da sauri tana da zafi, takan miƙe ta zama siririn shafi mai ɗimbin ƙofofi. Daga nan aka sami yadin Gore-Tex. A cewar masu yin sa, kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta kamar sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma kamar sau 700. Yawancin wanduna masu araha kuwa, wata roba ce mai suna foliyuritan ake shafa wa cikin yadinsu. Ita ma tana hana ruwa, sai dai fitar tururinta bai kai na wancan ba.

Bugu da ƙari, ana fesa wa bayan yadin wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza, wanda kakin da ke samansa da ƙananan tudduna ke hana ruwa kama shi. An daɗe ana yin wannan feshi da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jiki. A 2019 aka sa ɗaya daga cikinsu, wato PFOA, a jerin waɗanda Yarjejeniyar Sitokholm ta ce a daina, kuma kamfanoni da yawa sun koma ga wasu.

A nan akwai abin lura ga mazauna ƙasashe masu zafi. Tururi yana ratsa yadi ne idan cikin tufa ya fi waje ɗumi da danshi. A ranar marka, iskar waje ita ma cike take da danshi, don haka ko yadi mafi tsada numfashinsa raguwa yake yi. Ke nan, a irin yanayinmu, wando mai sakakkiyar ƙafa da iska ke shiga ta ƙasa yana iya fin matsattse mai tsada amfani.

Abubuwan dubawa a kasuwa

Na farko, lambar da ke jikin takardar wandon. Ana gwada yadi ne ta hanyar tsayar da bututun ruwa a kansa, a ga tsawon da ruwan zai kai kafin ya ɗiga. Milimita 10,000 na nufin yadin ya jure nauyin ruwa mai tsawon mita 10. Riga tana iya wadatuwa da milimita 5,000, amma wando ya fi bukata, domin nauyin mahayi yana matse ruwan da ke kan sirdi zuwa cikin yadin. Gara a nemi 10,000 ko sama da haka.

Na biyu, ɗinki. Duk inda allura ta bi, ta bar kafa. A juya wandon a duba: kowane layin ɗinki ya kamata a ce an rufe shi da siririn tef da aka manna da zafi. Idan babu, ko ya fara ɗagowa, ruwa zai shiga komai kyan yadin.

Na uku, mazaunin wandon, domin nan ne yake fara mutuwa. Taɓo da yashin da tayar baya ke watsowa sukan shiga tsakanin sirdi da yadi, su riƙa cin sa da kowane juyin feda. A zaɓi wanda aka ninka mazauninsa da yadi mai kauri, kuma ɗinki bai ratsa tsakiyarsa ba. Nailan ya fi foliyesta jure gogayya.

Na huɗu, tsawo. A gwada shi a zaune da gwiwa a lanƙwashe, a tabbata ya rufe gwiwa, bayansa kuma bai zame ƙasa ba. Wannan ya dace da sutura, ya kuma kare gaɓar daga sanyi.

Mai sayen na gwanjo, alal misali a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, sai ya ƙara da shafa cikin wandon. Foliyuritan yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi: yakan yi danƙo, ya yi wari, ko ya riƙa ɓarewa kamar dusa. Wanda ya kai wannan hali ba ya gyaruwa, a nan ne kuwa maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata.

Kulawa da gwaji

Datti da maiƙon jiki suna toshe yadi, don haka a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, ban da murɗawa. A shanya a inuwa, kada a ajiye shi sai ya bushe sarai. Wanda ya sa wa kekensa marfin taya mai tare taɓo kuwa, ya rage wa wandonsa babbar wahala.

Malamai suna iya nuna wannan darasi a aji. A rufe bakin kofin ruwan zafi da leda, wani da atamfa, wani da yadi mai numfashi, a riƙe madubi a saman kowanne a ga wanda zai yi hazo. Sannan a ɗiga wa kowane yadi ruwa a ga wanda ya ratsa. Ɗalibin da ya ga sakamakon da idonsa, idan ya je kasuwa zai fara juya wando ya duba cikinsa kafin ya tambayi kuɗinsa.