Abin da ya kamata ku sani: idan jar fitilar baƙin mai ta kama a akori-kura

Duk ranar Alhamis akori-kura ce ke kwasar dankali da rogo da hatsi daga kasuwar Batsari zuwa Katsina, haka kuma tsakanin Runka da Safana da Dutsin-Ma. Wasu Hilux ne, wasu tsofaffin Peugeot 504 ne irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe injin waɗannan motoci shi ne ƙarfin baƙin mai ya faɗi direba bai kula ba.

Jar fitilar nan mai hoton ’yar buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Famfo ne ke zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ta cikin wata ’yar rariya, ya tura shi ta filta zuwa metal da karanshaf, har saman inji. Wannan turin ne ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. A yawancin motoci fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin ya sauka ƙasa da rabin “bar” a ma’aunin ƙarfi, wato kusan babu. Saboda haka tana iya kamawa alhali sandar awo na nuna mai cike. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, ’yan mintoci sun isa inji ya buga.

Da zarar fitilar ta kama, a tsaya, a kashe inji, a ba shi ɗan lokaci mai ya koma ƙasa, sannan a zaro sandar awo. In man ya ragu, a duba yoyo a gindin filta da noti na juye mai, a kuma tuna ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, alamar ringi ya ci. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, galibi gaskit ya ƙone. In ya tsinke, ya haura layi, yana warin gas ko fetur, man tafiya ne ke zurarewa cikinsa. In kuwa aka murza shi a yatsa aka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, metal ya fara cinyewa, kada a sake tayar da motar.

Inda aka fi tafka asara shi ne idan mai yana nan lafiya amma fitila na ƙiftawa. Sau da yawa sai a ce suwic ɗin da ke kunna fitilar ne kawai, a cire waya ko a zare ƙwan fitilar. Gaskiya ne suwic na lalacewa, amma ba a tabbatar da haka da baki. Makaniken kirki zai kwance suwic ɗin ya ɗaura gejin hannu a gurbinsa, ya auna inji na sanyi, ya sake aunawa bayan ya yi zafi sosai. Ma’aunin da makanikai suka saba da shi shi ne kimanin psi 10 ga kowane juyi 1,000 na inji a minti ɗaya. In geji ya nuna ƙarfi daidai, suwic ne, aikin kuɗi kaɗan. In ƙarfin na da kyau da sanyi amma ya zube da zafi a silo, ya ɗan farfaɗo in an taka totur, to metal ya yi sako-sako ko famfo ya gaji. In ya faɗi a lokacin gudu, a sauke kasko a duba rariya: dattin tsohon mai na toshe ta, kuma dutse ɗaya a hanyar ƙauye kan lotsa kasko ya matse bakinta, ko ɗigo bai zuba ba.

Ban yarda da dabarar zuba mai kauri don fitila ta mutu ba. Ciwon yana nan, an dai rufe masa baki. Canza metal tun karanshaf bai ƙarje ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba da kai shi gurji ko sayen injin Beljiyam.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu. Wanda ya san hanyoyin da ke gefen dajin Rugu ba zai ga laifin direban da ya ƙi tsayawa da yamma a inda ba kowa saboda rashin tsaro ba. Rai ya fi inji. Shi ya sa binciken nan a gari ya kamata a yi shi, tun fitila na ƙiftawa sama-sama, ba ranar da aka yi lodi ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara da lodin da ya wuce kima duk suna gajiyar da mai da wuri, don haka motar gas mai bin waɗannan hanyoyi kada ta wuce kilomita 5,000 ba a yi mata juye ba, tare da sabuwar filta, a kuma kakkaɓe filtar iska. A sayi mai a rufaffen galan, a guji na kwalba da ake aunawa a bakin titi, domin ba a san abin da aka gauraya ba. Da safe kuma, idan an murɗa makulli kafin a tayar, a tabbatar jar fitilar ta kama, sannan ta mutu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kamawa sam, ko wani ya taɓa ta ko ta lalace, a kai wa mai wayarin.