Bayan Tiyatar Ciwon Daji: Jarrabawar Da Ke Cikin Kwanon Abinci

A al'adarmu, da zarar an sallamo mara lafiya daga asibiti, 'yan dubiya kan cika ɗaki da lemon kwalba, uwargida kuma ta ajiye tuwo malmala biyu tana cewa, "Malam, daure ka ci ka mayar da jiki." Niyya ce kyakkyawa. Sai dai ga wanda aka yi wa tiyatar ciwon daji a tumbi, wannan karamci na iya zama azaba.

Tumbi rumbu ne: yana riƙe abinci, ya markaɗa shi, sannan ya riƙa sakinsa cikin hanji kaɗan-kaɗan. Idan aka yanke wani sashensa, ko aka cire shi ɗungurungum, abinci kan afka cikin hanji lokaci guda. Cikin minti 10 zuwa 30 sai murɗawar ciki, gudawa, jiri da bugun zuciya. Bayan awa 1 zuwa 3 kuma, sukarin jini na iya faɗuwa, mutum ya jiƙe da zufa yana makyarkyata. Kayan zaƙi ne kan gaba wajen tayar da wannan. Daga nan mara lafiya ya soma tsoron kwano, rama ta ƙaru, dangi su shiga zargin sammu.

Akwai kuma illar da ke zuwa a ɓoye. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke ba hanji damar tsotsar bitamin B12. Ajiyar da ke cikin hanta kan ɗauki shekaru kafin ta ƙare, sannan ƙarancin jini, mantuwa da mutuwar ƙafafu su bayyana. Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya yana buƙatar wannan bitamin, galibi ta allura, iya tsawon rayuwarsa.

Mafita ba ta fi ƙarfin talaka ba. A raba abinci gida 6 zuwa 8 a yini, a tauna sosai, a jinkirta shan ruwa kamar rabin awa bayan ci. A fifita ƙwai, kifi, alale da awara, a rage sukari a koko da shayi. Batun azumi kuwa, a tuntuɓi likita. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Wajibi ne asibitocinmu su haɗa kowane irin wannan majinyaci da masanin abinci kafin sallama, su kuma yi wa mai girka masa bayani da Hausa. Likita ya gama nasa a ɗakin tiyata. Saura yana madafa. Sannu ba ta hana zuwa.