Karin Kumallon Mai Juna Biyu: Funkaso Ko Alkaki?

Uwargida, idan alkamar fadamar Haɗejiya ta shigo kasuwa bayan hunturu, gidaje kan cika da ƙamshin alkaki da funkaso. Ba mu ce ki daina ba. Sai dai alkakin da aka tsoma a ruwan sukari ko zuma bai dace ki riƙa karyawa da shi kullum ba. Wasu matan kan kamu da ciwon sukari lokacin goyon ciki, jariri ya yi girma fiye da kima, haihuwa ta zo da wahala. Shi ya sa ake gwajin jini tsakanin mako na 24 da na 28.

Gwada wannan: a niƙa alkama, kada a tankaɗe dusar duka. Ki kwaɓa gwangwani 2 da yis ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri da ruwan ɗumi, ki rufe ya tashi. Maimakon ki tsunduma shi cikin mai, ki zuba a tanda kamar waina, da ɗigon man gyaɗa. Ki ci da dafaffen ƙwai, ko miyar alayyahu da kifi.

Shayi kuwa, kada ki haɗiyi maganin ƙarin jini da shi, domin yana rage amfaninsa a jiki. Ki bari sai bayan awa 2. Alkakin a ajiye wa ranar suna.