Sauya Tsarin Tallafin Naƙasassu a Birtaniya: Abin da Ke Damun Iyaye

A watan Maris na 2025 ne gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirinta na rage kimanin fam biliyan 5 a shekara daga kuɗin tallafin naƙasassu da marasa lafiya kafin 2030. Ministar ayyuka da fansho ta lokacin, Liz Kendall, ta ce manufar ita ce mayar da mutane bakin aiki. Amma shirin ya tayar da hankalin iyayen da ke kula da 'ya'yansu naƙasassu a gida.

Dalili kuwa shi ne, alawus ɗin mai kulawa a rataye yake da tallafin wanda ake kula da shi. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, ana biyan mai kulawa fam 83.30 a mako, bisa sharaɗin yana yin hidimar aƙalla sa'o'i 35, kuma abin da yake samu a wani aikin bai wuce fam 196 a mako ba. Idan aka yanke tallafin ɗa, to na uwa ko uba ma ya tafi ke nan.

A Ingila da Wales, yaro naƙasasshe yana karɓar tallafin yara har ya cika shekara 16, daga nan sai ya nemi na manya da ake kira PIP. Wajen tantancewa, ana ba da maki a kan ayyukan yau da kullum kamar wanka, cin abinci da sa tufafi, kuma jimlar maki 8 ta isa. Sabon shirin ya so a ƙara sharaɗin samun maki 4 a aiki guda. Ƙididdigar gwamnati da kanta ta nuna mutum 800,000 za su rasa wannan kaso, yayin da masu kulawa 150,000 za su rasa nasu.

'Yan majalisa fiye da 120 na jam'iyyar Labour mai mulki suka yi tsaye a kan ba su yarda ba. Ran 1 ga Yuli, 2025, gwamnati ta janye sharaɗin, ta ce sai ƙaramin minista Stephen Timms ya kammala nazarin tsarin. Sai dai dokar da aka zartar ta rage kusan rabin ƙarin kuɗin rashin lafiya ga sababbin masu nema daga Afrilu na 2026.

Abin lura ga masu lissafin tattalin arziki shi ne, hidimar ba ta raguwa don an rage kuɗi. Uwar da ta bar aikinta domin kula da ɗanta ta riga ta yi asarar albashi da fansho. Idan ta gaza, nauyin yakan koma kan asibitoci da ƙananan hukumomi, inda kulawar ta fi tsada nesa ba kusa ba.