Eldryd Parry

Sir Eldryd Hugh Owen Parry (an haife shi ranar 28 ga watan Nuwamba, 1930, ya rasu ranar 13 ga watan Nuwamba, 2022) likita ne kuma malamin jami'a ɗan yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Tsakanin shekarar 1960 da 1985 ya yi mafi yawan aikinsa a Najeriya da Habasha da Ghana, yana koyarwa yana kuma duba marasa lafiya. A fagen binciken cututtukan zuciya an fi saninsa da aikin da ya jagoranta a Zariya a kan gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a lokacin jego. Wannan aiki ne ya nuna wa likitocin duniya cewa cutar, wadda ake ɗauka ba kasafai ake ganin ta ba, ta yi yawa ƙwarai a ƙasar Hausa.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Parry a birnin Cardiff. Ya yi karatu a makarantar Shrewsbury, daga nan ya wuce Jami'ar Cambridge, sannan ya kammala horon likitanci a makarantar koyon aikin likita ta Wales da ke Cardiff. Daga asibitin Hammersmith na Landan aka turo shi Asibitin Koyarwa na Ibadan a shekarar 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai.

Ibadan da Addis Ababa

A Ibadan ne ya fara binciken zuciya gadan-gadan. Akwai wata cuta da ake samu a ƙasashe masu zafi da laima, wadda ke sa bangon cikin zuciya ya yi kauri ya taurare kamar tabon rauni, har ɗakunan zuciyar su kasa buɗewa su karɓi jini yadda ya kamata. J. N. P. Davies ne ya fara bayyana ta a Yuganda a ƙarshen shekarun 1940. Parry da Derek Abrahams sun bi marasa lafiyan Ibadan masu wannan cuta, suka wallafa bayanin yadda take farawa da yadda take ci gaba a mujallar Quarterly Journal of Medicine a 1965.

A 1966 ya koma Jami'ar Haile Selassie ta Ɗaya a Addis Ababa, inda ya shiga cikin masu nazarin wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa. A 1969 aka naɗa shi farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ya zauna a can har zuwa 1977. A zamaninsa sashen ya tara matasan masu bincike da suka shahara daga baya, irin su David Warrell mai nazarin saran maciji da Brian Greenwood mai nazarin sanƙarau.

Binciken Zariya

Abin da likitocin asibitin Zariya suka riƙa gani shi ne mata masu jego da ake kawowa da kumburin ƙafafu da ciki, da haki, da tari, wasu ba sa iya kwanciya sai dai su kwana a zaune. Yawancinsu ba su da tarihin ciwon zuciya kafin su ɗauki ciki. Parry da abokin aikinsa Neil Davidson sun tattara bayanan mata 224 masu wannan hali, suka wallafa sakamakon a Quarterly Journal of Medicine a 1978. Abubuwa uku suka fi fitowa fili. Cutar tana kama kusan mace ɗaya a cikin kowace ɗari da ta haihu a tsakanin matan Hausawa na yankin, adadin da ya ninka na Turai da Amurka sau da yawa. Kusan duk marasa lafiyan Hausawa ne ko Fulani, alhali asibitin yana karɓar mata daga ƙabilu iri-iri. Sannan ana samun ƙaruwar masu cutar a damina, musamman wajen watan Yuli, lokacin da zafi ke haɗuwa da laima.

Wannan ya sa suka juya ga al'adun jego. A bisa al'ada, mai jego tana yin wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki, har tsawon kwana arba'in ko fiye. A wasu gidaje tana kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Tana kuma shan kunun kanwa, wanda ake ganin yana ƙara ruwan nono da ƙarfin jiki. Manufar duk wannan ita ce a kare ta daga sanyi, wanda a fahimtar gargajiya shi ne tushen kumburi da sauran cututtukan bayan haihuwa. Saboda haka idan mai jego ta fara kumbura, sau da yawa abin da ake yi shi ne a ƙara zafin ruwa a ƙara kanwa.

Bayanin da masu binciken suka gabatar ya dogara ne a kan yadda jiki ke sarrafa gishiri da zafi. Kanwa, wadda ake samowa daga busassun tafkuna a yankin Tafkin Chadi da kudancin Nijar, cike take da sinadarin sodiyam. A Turancin Najeriya ana kiran ta "potash", sunan da ke sa a ɗauka potasiyam ne ya fi yawa a cikinta, alhali kaɗan ne. Sodiyam yana sa jiki ya riƙe ruwa, jinin da ke kewaya jiki ya ƙaru. Zafi kuma yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, don haka dole zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa a kowane minti. A damina gumi ba ya bushewa da sauri, jiki ba ya samun sanyaya kansa. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin jini, da hawan jinin da wasu mata ke samu bayan haihuwa, sai nauyin ya fi ƙarfin zuciyar da ba ta gama hutawa daga wahalar ciki ba. Tun a 1974 Davidson da Parry da Lorna Trevitt suka yi amfani da wannan hujja a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya domin bayyana dalilin da ya sa cutar ta fi yawa a wasu sassan Najeriya.

Batun suna

Masu binciken Zariya sun kira abin da suka gani "gazawar zuciya", ba su kira shi "cutar tsokar zuciya" ba, kuma bambancin ba na lafazi ba ne kawai. Gazawar zuciya yanayi ne da likita ke ganewa ta alamomi, ko mene ne sanadinsa. Cutar tsokar zuciya kuwa tana nufin naman zuciyar ne da kansa ya raunana. A 1979 John Sanderson da Parry da abokan aikinsu na Najeriya, C. O. Adesanya da F. I. Anjorin, sun duba irin waɗannan mata da na'urar ɗaukar hoton zuciya mai amfani da sauti. Sun tarar cewa a wasu daga cikinsu zuciyar tana matsewa da ƙarfi, matsalar dai ruwa ne ya yi mata yawa. A yau ba a tabbatar wa mace cutar tsokar zuciya ta lokacin haihuwa sai hoton ya nuna cewa ɗakin hagu na zuciya yana fitar da ƙasa da kashi 45 cikin ɗari na jinin da ke cikinsa a kowane bugu. Idan aka auna da wannan ma'auni, matan da aka ƙidaya a Zariya ba lallai ne cuta ɗaya ke damun su duka ba, kuma wanda zai kwatanta alƙaluman wancan zamani da na yanzu sai ya yi la'akari da haka.

An ci gaba da bibiyar matan har fiye da shekara 20, abin da ba kasafai ake samu ba a binciken asibiti a Afirka. Rahoton da ya fito a 1998 ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun kamu da hawan jini daga baya.

Tasiri da muhawara

Shekaru da dama littattafan cututtukan zuciya suna ambaton Zariya a duk inda suka zo kan wannan cuta, kuma ma'aikatan lafiya a arewacin Najeriya sun daɗe suna jan kunnen masu jego game da yawan kanwa da ruwa mai tsananin zafi. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da yawan cutar. A Sakkwato, Simeon Isezuo da abokin aikinsa sun samu adadi kusan ɗaya da na Zariya a 2007.

Bayanin da ya ɗora alhakin a kan al'adun jego ne bai tsaya da ƙafafunsa kamar yadda alƙaluman suka tsaya ba. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban nazari da ya haɗa asibitoci da dama a faɗin Najeriya, aka wallafa sakamakonsa a 2020. Nazarin ya sake nuna cewa cutar ta fi yawa a arewa maso yamma, amma bai samu alaƙa tsakaninta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga. Binciken Kano ya kuma gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. A wani ɓangaren, Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus tare da Karen Sliwa a Afirka ta Kudu sun nuna a 2007 cewa wani gutsure na furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo, yana iya lalata ƙananan hanyoyin jini na zuciya. Wannan bai wanke kanwa gaba ɗaya ba, domin yawan gishiri da zafi suna ƙara wa zuciyar da ta riga ta raunana nauyi. Sai dai akasarin masu bincike a yau suna kallon su a matsayin abin da ke tsananta ciwon, talauci da rashin abinci mai gina jiki kuma suna cikin abubuwan da ake tuhuma tun daga tushe.

Koyarwa da rubuce-rubuce

A 1976 Parry ya fitar da littafin Principles of Medicine in Africa, wanda aka tsara bisa cututtukan da likita ke haɗuwa da su a asibitocin Afirka da kuma kayan aikin da yake da su a hannu. Kafin wannan, ɗaliban likitanci a nahiyar sun fi dogara da littattafan da aka rubuta domin Turai. Bugu na huɗu ya fito a 2013 daga maɗabar Jami'ar Cambridge.

A 1977 ya zama shugaban farko na tsangayar likitanci ta Jami'ar Ilorin, inda aka shigar da tsarin tura ɗalibai ƙauyuka tun daga shekarun farko na karatunsu, su zauna da jama'a su ga yadda cuta ke faruwa kafin ta iso asibiti. Daga 1980 zuwa 1985 ya riƙe irin wannan muƙami a makarantar likitanci ta Kumasi a Ghana. Bayan komawarsa Birtaniya ya kafa gidauniyar THET a 1988, wadda ke ƙulla haɗin gwiwa tsakanin asibitocin Birtaniya da na ƙasashen Afirka domin horar da ma'aikatan lafiya.

Lambobin yabo da rasuwa

Gwamnatin Birtaniya ta ba shi lambar OBE, sannan a 2011 aka ba shi lambar KCMG wadda ta sa ake kiran sa Sir, saboda hidimarsa ga kiwon lafiya a Afirka. Ya rasu ranar 13 ga watan Nuwamba, 2022, yana da shekara 91.