3.4 Allurar Sassauta Tsoka a Matsayin Maganin Cin Haƙora

Cin haƙora, wato gurza haƙoran sama da na ƙasa cikin barci, abu ne da iyaye a ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, kan danganta da tsutsar ciki, musamman ga yara. Likitoci kuwa sun fi danganta shi da damuwa da rashin barci mai daɗi. Ga babba, ɓarnar tana da yawa: haƙora su zaizaye, muƙamuƙi ya riƙe, a wayi gari da ciwon kai.

Daga cikin magungunan zamani akwai allurar Botox. Asalinta dafi ne da ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, wanda kan shanye jiki idan ya gurɓata abinci. A shekarar 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don gyaran harara-garke, daga baya aka jarraba ta ga masu cin haƙora.

Likita kan tsira ɗan kaɗan a tsokar tauna, wadda ke tasowa a gefen kumatu idan an cije. Dafin yakan tare saƙon da jijiya ke aika wa tsokar, sai ƙarfin cizon ya ragu. To amma ba ta kawar da musabbabin, kuma aikinta kan gushe bayan wata 3 zuwa 4. Ke nan mutumin Baure ko Zango sai ya nemi ƙwararren likita sau uku ko huɗu a shekara, da kuɗinsa. Idan aka zarce ƙima, taunar goro ko kilishi kan yi wuya na wasu makonni, wani ma murmushinsa ya karkace.